Ranar da Injiniya Ya Cinye Ma'auninsa

Abin da na rasa a wannan taɓargaza shi ne kyauro sittin da uku, busasshe na shekara biyu, da katakon bencin da nake zama a kai, da buta ɗaya. Abin da na samu kuwa, maharban garin nan sun san hannun da yake zaɓar musu kyauro shekara ashirin da biyu. Ban ce cinikin ya yi mini daɗi ba, amma ban faɗi ba.

Mijina, Allah ya jiƙansa, kibiya yake yi. Shi zai je bakin rafi ya yanko kyauro, wato sandar jikin kibiya, ya shanya, ya miƙar da shi a kan wuta. Zaɓe kuwa nawa ne. In kafa gindin kyauro a ƙasa, in riƙe kansa da hagu, in danna tsakiyarsa da tafin dama ina mirgina shi, in ji yadda yake ba ni da yadda yake dawowa. Mai tauri in ɗaure shi da jan zare, matsakaici da baƙi, mai laushi da fari. Ba don ado ba. Baka mai ƙarfi kyauro mai tauri yake so. In ka ba shi mai laushi, kibiya ta tafi tana kaɗa gindi, ko ta karye a hannun mutum. Baka mai sanyi kuma in ka ɗora masa mai tauri, kibiya ta kauce ta nufi inda ba a aike ta ba. Maharba suna zuwa ƙofar gida suna cewa maigidan nan yana da hannu. Ina ciki ina jin su ta taga, ban taɓa tankawa ba. Cikin tukunya ɗaya kuɗin yake shiga.

Wata biyar da rasuwarsa shugaban ƙungiyar maharba ya zo. Ya zauna a bencina, ya yi ta jujjuya hula, sannan ya ce gasar shekara saura mako uku, suna bukatar kyauro ɗari uku, amma tunda mai zaɓe ya tafi, wasu suna cewa a koma sayen na kamfani.

Da kyauron nan nake ci, da shi nake sha. Na buɗe baki ke nan zan yi magana, sai ga ƙanin mijina ya faɗo zaure kamar an jefo shi.

Injiniya ake ce masa. Bai taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba ko don fakewa ruwa. Fankar wani ya taɓa gyarawa, fankar ta kama da wuta, sunan ya bi shi don tsiya, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu.

“Shugaba, wane kamfani?” in ji shi. “Ai ni na gaji aikin. Yayana marigayi da hannu yake lalube, irin na mutanen da. Ni da na'ura zan auna. Kowane kyauro da lambarsa a jiki, yadda ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Na gani a waya.”

Na ce, “A waya ka ga yadda ake gyaran fanka ma?”

“Yaya, bari maza su yi magana.”

Shugaba mutum ne mai son sabon abu. Da ya ji “lamba” idonsa ya yi haske. Ya ce to shi ke nan, ƙungiya za ta karɓi kyauron gidan nan, amma sai mai lambar na'ura. Ni kuwa girman kai ya riƙe mini harshe. Ban iya cewa a gaban baƙo marigayi bai taɓa zaɓar kyauro ko ɗaya ba. Ga shi kuma ba wanda ya tambaye ni.

Washegari na je kasuwa. Na dawo na tarar da bencina ƙafafu huɗu a tsaye ba katako, ɗakin ajiya a buɗe, jan zare da baƙi da fari duk an yanke an zubar a ƙasa. Kyauron da na yi wata biyu ina warewa ya zama tsibi ɗaya a tsakar gida.

“Wa ya yanke mini zare?”

“Ni ne,” in ji Injiniya. “Zare ba kimiyya ba ne. Daga sifili za a fara.”

“Kai ma daga sifili ka fara, har yau kana can.”

Bai ji ba, yana ta buga ƙusa. Na'urar ke nan da ake ta faɗa: katakon bencina a jingine da bango, ƙusa biyu a jiki da tazara tsakaninsu, da rular 'yan makaranta a manne a tsakiya. A ɗora kyauro a kan ƙusoshin, a rataya masa nauyi a tsakiya da ƙugiya, a duba iya inda ya lotsa. Wanda ya lotsa kaɗan lamba ɗaya, mai tauri. Wanda ya lotsa sosai lamba biyar. Ni rubutu sai a hankali, amma lamba ɗaya zuwa biyar ba ta fi ƙarfina ba.

Saura nauyin da za a rataya. Ya je ya aro dutsen gugar telan da ke jikin gidanmu, irin mai gawayi ɗin nan. Tela ya biyo kayansa, mai shagon tsallaken titi ya biyo tela. Injiniya ya gyara tsayuwa, ya ce kowa ya matsa baya. Ya ɗora kyauro, ya rataya dutse. Ƙas! Ya rabu biyu.

“Wannan dama rago ne,” in ji shi. “Na'ura ta tona masa asiri.”

Na biyu, ƙas. Na uku, ƙas. Tela ya ce, “Injiniya, wannan na'urar auna kyauro ce ko ta faskaren itace?” Sai da ya karya goma sha ɗaya. A na goma sha biyu dutsen ya sauka a kan babban yatsan ƙafarsa. Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya har bakin rijiya, yana cewa dama ya san ƙarfen nan ba na gwaji ba ne.

Rana ta biyu, da yatsa a naɗe, ya ɗauki butata ya cika da ruwa ya rataya. Wannan karon kyauro bai karye ba. Ya yi ta aunawa yana rubuta lamba da jan fenti, yana jera waɗanda ya gama a ƙarƙashin na'ura. Ƙugiyar da ya ɗaura ta tsaga wuyan butar, tana ɗiga a hankali, bai lura ba sai da rana ta take. Kyauro hamsin da biyu sun jiƙe sharkaf. Ya kwasa ya baza a kan kwanon ɗaki wai su bushe da sauri. Kafin yamma sun kanannaɗe kamar ƙahon rago.

Na ce, “Ka biya ni.”

Ya ce, “Ci gaba ba ya zuwa kyauta, Yaya. Amma yau na gano babbar doka.” Ya juya ga tela da mai shago, ya ɗaga yatsa. “Ku saurara, kyauta zan koya muku. Nauyin gwaji ba ya canzawa. In ya canza, an yi aikin banza. Ruwa mayaudari ne. Abu busasshe ake so, kilo ɗaya cif.”

Washegari ya tsallaka shago, ya sa aka auna masa soyayyar gyaɗa kilo ɗaya. Sau uku yana sa mai shago ya cire ƙwaya biyu ya mayar da ɗaya, har allurar sikeli ta tsaya inda yake so. Ya zuba a leda, ya rataya a ƙugiya.

To, aikin awo aiki ne na zama, bakin Injiniya kuwa bai san zama ba. In ba magana yake yi ba, tauna yake. Ya ɗora kyauro, ya duba rula, hannu ya shiga leda. Ya rubuta lamba, hannu ya shiga leda. Tela ya leƙo kallon kimiyya, ya ɗebi nasa. Mai shago ya zo, ya ɗebi gyaɗar da shi ya sayar. Kafin la'asar leda ta yi shafal, iska tana kaɗa ta.

Na ce, “Kai, kana cinye ma'auninka.”

“Ƙwaya nawa na ci? Kilo ba ya jin ƙwaya biyu.”

“Cikinka fa, yana ji?”

“Yaya, ki tsaya a wajen girki. Nan wurin lissafi ne.”

Da safe sai ya sayo wata gyaɗar ya cika ledar da ido har tana tumbatsa, wai yanzu hannunsa ya san kilo. Haka aka yi kwana shida. Duk kyauron da ya faɗo hannunsa da safe, leda na cike, ya lotsa har ƙasa, a buga masa biyar. Duk wanda ya kai yamma, leda ba komai, ko motsi ba ya yi, a buga masa ɗaya. Wani siriri da nake ajiye wa masu koyo ya samu lamba ɗaya. Wani mai kauri da zai iya dukan jaki ya samu biyar. Na ɗauko su biyu na je har gidan Shugaba. Ya duba fenti, ya ce, “Uwargida, ido yana ruɗi, lamba ba ta ruɗi. Ki bar yaron nan ya yi aikinsa.” Yaro, mai furfura a gemu.

Na dawo gida abina. Aka kwashi kyauro ɗari uku, maharba suka sa musu ƙarfe, kowa ya karɓi lambar da Injiniya ya ce ita ce ta bakansa.

Ranar gasa na sa tufafina masu kyau na tafi filin, na sami kujera a gefen rumfar manyan baƙi. An jera buhunan ciyawa can nesa da zanen da'ira a jiki. Jama'a maƙil, ga maharban wasu garuruwa da aka gayyato. Injiniya ya kafa teburi a bakin fili, ya shimfiɗa masa farin ƙyalle, ya ɗora katakon bencina da ledarsa. Har lasifika ya karɓa.

“Jama'a, yau za ku ga bambancin lalube da ilimi! Duk kibiyar da za a harba a nan ta bi ta hannuna. In ɗaya ta kauce, ku canza mini suna!”

Tela daga cikin taro ya ce, “Mun tanadi guda uku!”

Mahauci aka fara kira. Ƙato ne, bakansa sai mutum biyu su taru ba su ja shi ba, shekara huɗu ba a karɓe masa kambi ba. Ya zaro lamba ɗaya. Daga inda nake na gane sandar, irin ta masu koyo ce. Ya ja har kunne ya saki. Kibiya ta fita tana kaɗa gindi kamar kifi a ruwa, ta bar buhu can gefe, ta je ta huda durom ɗin mai sayar da ruwan sanyi. Ruwa ya yi tsiri. Mai ruwa ya toshe da yatsa yana salati.

“Iska ce!” in ji Injiniya ta lasifika.

Tela ya lashi yatsa ya ɗaga sama. “Ko gashin kaza ba zai tashi ba.”

Mahauci ya zaro ta biyu, ya ja. Wannan ba ta ma tafi ba. Ta tarwatse a jikin baka, tsinke ya yanke shi a damtse, jini ya fito. Ya tsaya yana kallon hannunsa, sannan ya juya yana kallon teburi mai farin ƙyalle. Injiniya ya sa hannu a leda.

Aka kira wani tsohon malamin makaranta, mai baka sanyi kamar na yara, mutumin da bai taɓa fita daga da'ira ba. Ya ɗora lamba biyar, wadda ni na san sandar dukan jaki ce. Ya saki. Ta yi hagu abinta, ta bi ta saman kan alƙalin gasa, ta cake ƙafar rumfar manyan baƙi. Wani mai babbar riga ya shige ƙarƙashin kujera, da ƙyar aka zaro shi. Daga nan fili ya rikice. Mutum takwas suka harba, ba wanda ya taɓa buhu. Masu tallan lemo suka kwashe kayansu suka koma bayan buhunan, wai nan ne kaɗai kibiya ba ta zuwa. Baƙin maharba suna dariya har da riƙe ciki.

Shugaba ya taso, fuska kamar an shafa masa toka, maharba a bayansa. “Injiniya, mene ne wannan?”

“Bakunansu ne ba daidai ba. Su ma sai an auna su. Zan ƙera wata na'urar.”

“Kafin nan,” in ji tsohon malami, ya miƙa kibiyar da ya ciro daga ƙafar rumfa, “sake auna mini wannan. Biyar ka rubuta.”

Injiniya ya ɗora, ya rataya leda. Tun safe yake tsaye yana jawabi yana tauna, tun da aka fara harbi kuma tsoro ya ƙara masa ci. Kyauro ko gezau bai yi ba.

“Lamba nawa?”

“Ɗaya.”

“Jiya biyar, yau ɗaya?”

“Rana ce ta ƙara masa tauri. Dama kyauro yana da wannan halin.”

Mahauci ya matso. Ya miƙa hannun da ba rauni, ya cire ledar daga ƙugiya, ya ɗaga ta sau biyu yadda yake ɗaga tsoka a kasuwa. “Wannan ce kilon?”

“Cif.”

“Shekara talatin ina awo. Wannan ko kwata ba ta kai ba. Ina sauran?”

Injiniya yana ta ƙoƙarin haɗiye abin da ke bakinsa. Mai shago ya ɗaga gefen farin ƙyallen. Ɓawon gyaɗa tsibi guda a ƙarƙashin teburi. Lasifika kuwa ba a kashe ba, fili duka ya ji lokacin da ya ƙware yana tari yana cewa, “Ƙwaya biyu ne kawai.”

Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Mahauci ya kama wuyan rigarsa, mai ruwa ya saki durom ya zo neman nasa rabon. Shugaba ya raba su, ya juya ga jama'arsa ya ce, “Magana ta ƙare. Tunda mai hannu ya rasu, daga yau na kamfani za mu saya.”

Nan na tashi. Na ratsa maza har gaban mahauci. Na ce, “Ba ni bakanka.”

“Uwargida, ba abin wasa ba ne.”

“Na ga wasa yau har na ƙoshi. Kawo.”

Na ja tsirkiyar kaɗan, na ji ƙarfinta, na mayar masa. Na ce kowa ya zazzage kwarinsa a ƙasa. Na durƙusa a kan tsibin, ina kafawa ina dannawa ina mirginawa, ban ko kalli fenti ba. Na ware uku na ba mahauci, duk biyar ce a jikinsu. Na taɓa bakan tsohon malami, na ba shi uku masu lamba ɗaya.

Mahauci ya ɗaure damtse da ƙyallen teburin Injiniya, ya ja, ya saki. Tsakiyar da'ira. Ta biyu ta kwanta a jikin ta farko. Tsohon malami ya jera nasa uku kamar ya sa da hannu. Fili ya ɓarke da sowa.

Shugaba ya ce, “Ashe marigayi ya koya miki.”

Na ce, “Marigayi ya iya wuta, ya iya ƙarfe, ba wanda ya kai shi. Zaɓe kuwa, duk kibiyar da ka taɓa cin gasa da ita, ta nan ta bi.” Na nuna masa tafin hannuna.

Daga bayan mutane Injiniya ya ce, “Ai ni na san da haka, gwada ku nake yi.” Tela ya cusa masa ledar a baki.

Shugaba ya ce in ware wa kowa nasa yanzu a ci gaba da gasa, baƙi suna jira. Na koma kujerata na zauna, na gyara mayafi.

“Nawa?” na ce.

“Haba, uwargida, farashin da muka saba.”

“Wancan farashin mai hannun da ba a sani ba ne. Ninki biyu.”

“Na kamfani ma bai kai haka ba!”

“To aika kamfani su zo su taɓa bakan mahauci. Ina nan zaune.”

Ya ƙara kashi ɗaya cikin goma. Na tambayi mai lemo ko da mai sanyi. Ya ƙara kwata. Na ce rana tana yi, baƙinsa kuma sun fara ɗaure kaya. Mahauci ya ce, “Shugaba, ka biya ta, ko ka harba da gyaɗa.” Shugaba ya share gumi, ya ce iyakarsa farashin da da rabinsa a kai, ko sisi ba zai iya ƙarawa ba, ƙungiya ba ta da shi. Na dube shi na ga gaskiya yake faɗa. Amma ni ban saba tashi daga ciniki ba gyara ba.

Na ce saura yankan kyauro. Ni ba zan shiga rafi ba, ruwa har ƙugu, ga matsattsaku. Ƙungiya ta ba ni mai yanka na shekara biyu, kyauta, kuma ga shi can da leda a baki. Mahauci ya ce shi da kansa zai riƙa raka shi har bakin ruwa.

Abin da na sallama a kai ke nan: farashin da da rabi, kuɗi a hannu kafin in taɓa sanda, da Injiniya a cikin rafi damina biyu.